Tantabaru a Wurin Shanya

Idan ka ce "Tantabara" a unguwar su Gwaggo, sai an tambaye ka wacce daga ciki. Akwai kamfanin bas, shi ne na asali, mai shuɗɗan motocin nan da aka zana wa tsuntsuwa a gefe. Akwai gidan burodi na bakin titi, da ya ari sunan bai mayar ba. Akwai shagon aski, akwai wata makarantar koyon tuƙi mai mota ɗaya tal, ita ma sai an tura. Akwai tantabarun kansu, masu fiffike da kashi, waɗanda suka mamaye rufin garejin kamfanin tun zamanin mai shi na farko, mutumin da aka ce son tsuntsayen ne ya sa ya laƙaba wa motocinsa sunansu. Sai kuma mijin Gwaggo. Babba da yaro Baba Tantabara suke ce masa, har ta kai in an kira ainihin sunansa sai ya waiga ya ga da wa ake.

An so a haɗa da ita. Wata maƙwabciya ta taɓa ce mata Maman Tantabara, Gwaggo ta ɗago kai daga keken ɗinki ta ce, "Kin ga fiffike a jikina?" Ba a sake ba. Ita dai Gwaggo ce ga unguwa, Tela ga mijinta. Shi kuma Direba take ce masa, ko ana daɗi ko ana faɗa, murya ce kawai ke bambanta.

Allah ya sani, Gwaggo ba ta ƙaunar tantabara ko a hoto. Mahaifinta ya yi kiwonsu, ita ce kuma 'yar da ake turawa sharar ɗakinsu kowace safiya. Ta san warinsu, ta san ƙwarƙwatarsu, ta san halinsu ciki da waje.

A garejin akwai wani abu da ba a rubuta a dokar aiki ba, amma ko sabon shiga ya san shi: direban motar farko ba ya murza makulli sai ya watsa wa tantabaru tsaba a tsakar gareji. Sauran direbobi gudun motar farko suke yi saboda sammako. Direba kuwa ya riƙe ta tun kafin Gwaggo ta yaye 'yarsu ta fari, duk wanda ya nemi karɓe masa ita kuma ya nemi faɗa. To wannan sammakon a kan wa ya ƙare? A kan Gwaggo mana. Ita ce mai tashi kafin shi, ta ɗora ruwan wanka, ta dafa shayi, ta goge riga, shi kuma ya sa hula ya fice, ya bar ta da yara da keke da tukwane. Yaran suka girma suka watse, tashin bai canza ba. In ta zo wanki sai ta zazzage masa aljihu, don ta taɓa samun tsaba ta tsiro a magudanar banɗaki.

Sai ido ya fara ba shi matsala. Ba yanar ido ba ce balle a cire. Likita ya ce jijiya ce ke mutuwa a hankali, daga gefe zuwa tsakiya. Abin da ke gabansa sak yana gani, kamar mai leƙe ta bututu, amma na gefe da na ƙasa sai dai a gaya masa. Kamfani ya karɓi makulli, aka yi masa taro da lemo da jawabai, aka ba shi agogon bango. Gwaggo ta yi hamdala a ranta, ta ɗauka an gama.

Ina! Washegari da asuba sai ga shi tsaye cikin kaki yana lalubar hula.

"Sai ina kuma?"

"Gareji."

"Ba an sallame ka ba?"

"Daga tuƙi aka sallame ni, Tela. Su tantabaru ba wanda ya gaya musu."

Motar ma'aikata ta daina biyo masa, sai ya riƙa bin motar gidan burodi, wadda ke sauke shi a tsallaken babban titi, ya ƙetara da ƙafa. Mutumin da ba ya ganin gefe, a titin da babura ke fitowa ta ko'ina! Ba a jima ba kuwa ya dawo wata safiya yana ɗingishi, wando a yage, gwiwa da gwiwar hannu duk a ɗaye. Wai babur ne ya ɗan taɓa shi. Direban motar burodin ne ya gaya mata gaskiya: bayan babur ɗin akwai tifa, ƙiris ya rage.

Ta ɗinke wandon. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba duk shekarun da yake kan titi. Ta roƙe shi, ta yi masa faɗa, ta haɗa shi da 'ya'yansa a waya, ya yi ƙememe. Daga ranar, in ya fita ko zare ba ta iya zurawa a allura sai ta ji takunsa a matakala.

Ana cikin haka kamfani ya sayo sababbin motoci, farare sol, aka kuma kawo sabon manaja. Yaron ba mugu ba ne, amma kashin tantabara yana cin fenti, masu duba tsafta kuma sun yi masa kashedi. Ya ce duk mai son tsuntsayen ya kwashe su, abin da ya rage za a kira mai maganin ɓeraye ya zuba musu tsaba mai guba.

Da yamma bayan sun ci abinci, Gwaggo ta lura Direba yana ta juya hularsa a hannu, ya buɗe baki ya rufe.

"Faɗi mana, kafin ka cinye hular."

Ya gaya mata duka. Sannan ya ce, yana kallon bango, "Na ce ko... wurin nan na sama, inda kike shanya. Fili ne. In kin yarda."

Tun da ta zo gidansa bai taɓa neman izininta a kan komai ba. Bakinta har ya cika da amsa, kuma amsar ba mai daɗi ba ce. Wurin shanyarta! Nan take baza kayan mutane in ta gama ɗinki, nan take shan iska. A ce ta tsufa ta koma sharar kashin tsuntsu? Amma kafin ta furta sai idonta ya faɗa kan ɗinkin da ta yi wa gwiwar wandonsa, wani tunani ya zo mata. In tantabaru suna saman kansa, me zai je nema a tsallaken titi?

"Kawo su," ta ce.

Ya juyo da kansa gaba ɗaya don ya sa ta a tsakiyar idonsa. "Tela, lafiyarki kuwa?"

"Na ce kawo su, kafin in dawo hayyacina."

Wani kafinta ya zo ya kewaye rabin wurin da katako da ragar waya. Ranar da za a kawo su, bas guda ce ta shigo lungu, tana gogar rassan bishiya, an rubuta mata ba ta aiki. Mai tuƙa ta tsohon kwandastan Direba ne, wanda yanzu shi ma direba ne mai tumbi da furfura, amma a gidan nan har gobe Kwandasta ne. Kowace kujera da kwali a kai, kowane kwali yana motsi yana gurnani.

"Gwaggo, ga fasinjojinki!" in ji Kwandasta. "Ko ɗaya bai biya ba."

"Za su biya da naman jikinsu in suka ɓata mini kayan mutane."

Da aka gama juye su a keji, ta sa mazajen biyu a gaba. "Ku saurara, don ni na san su, ku tsaba kawai kuka iya watsawa. Tantabara ba ta san wanda ya cece ta ba. Inda ta saba take komawa, ko da wuta ake yi a wurin. Hanya biyu ce: ko a fige musu dogayen gashin fiffike, ko a kulle su sai sun yi ƙwai sun ƙyanƙyashe. In suna da 'yan shila a nan, sun zauna."

"Ba za a fige kowa ba," in ji Direba, da wata murya da ta sa Kwandasta sunkuyar da kai.

"To kulle. Kada ka kuskura ka buɗe ƙofar nan sai na ce."

Makonnin da suka biyo baya, wallahi Gwaggo ta ga ikon Allah. Direba ya zauna a gida. Har yanzu da asuba yake tashi, har yanzu sai ya sa kaki, ita ma har yanzu sai ta riga shi ta ɗora ruwa, amma tafiyar tasa hawa matakala ce kawai. Sai dai fa zaman nasa ya zo da nasa ciwon kai. Yana bin ta daga ɗaki zuwa kicin kamar ɗan yaye. Ya tsaya a kanta tana ɗinki, ya karkata kunne.

"Injin nan yana neman mai. Kuma kina taka shi kamar wadda 'yan sanda suka biyo."

"Direba, fita mini daga haske."

Ya kwance mata keke ya sa mai ya ɗaure, aka samu ragowar ƙusa biyu da ba a san inda suka fito ba. Ta yi ta sababi, amma in ta juya baya murmushi take yi. Daɗi take ji, ba ta ɓoye wa kanta ba. Ga shi nan, da ƙafafunsa biyu, tana jin tarinsa ta saman silin.

A cikin tsuntsayen akwai wani baƙin namiji mai farin wuya, direbobi na ce masa Insifeto, saboda yadda yake zagaya motoci yana leƙen taya. Shi ne ɗan lelen Direba. Shi da macensa ne kuma suka fara tara tsinke a wani tsohon kwando, har ta sa ƙwai biyu. Gwaggo ta leƙa ta gani, zuciyarta ta yi sanyi. Saura kaɗan.

Amma Direba ba ƙwai yake kallo ba. Kullum daidai lokacin fitar motar farko, tsuntsayen sai su tashi gaba ɗaya su yi ta dukan raga da ƙirji, gashi na tashi, duk a ɓangaren da ke kallon gareji. Yakan tsaya ya riƙe ragar da yatsu, ya sauko ya kasa shan shayi. Ranar da Kwandasta ya leƙo gaisuwa, ya faɗa musu an fara zuba gubar saboda 'yan tsirarun da suka ƙi kamuwa. Gwaggo ta kalli mijinta ta ce, "Ka ji dai." Ya ce ya ji.

Bayan 'yan kwanaki, tana kicin da asuba tana tace shayi, sai ta ji wata ƙara a sama kamar taron mutane na tafi. Ta san ƙarar nan tun tana yarinya. Ta saki matacin ta hau matakala da gudun da ba ta san tana da shi ba.

Ƙofar keji a wangale. Direba na tsaye ya ɗaga kai sama, fuskarsa fal da murna.

"Dubi, Tela! Zagaye kawai za su yi su miƙe fiffike. Ai sun san gida yanzu. Mota ma in ta daɗe a ajiye lalacewa take yi."

Suka yi zagaye ɗaya a kan gidan, suka yi na biyu. Sannan suka miƙe ɗoɗar, suka nufi gareji.

Ta ga murnar tana zubewa daga fuskarsa. Ya juya ya lalubi matakala. Kafin ya ɗauko hula ta riga shi bakin ƙofa, ta tare.

"Ba inda za ka."

"Guba ce a can, Tela. Matsa."

"Da ka buɗe ba ka san da gubar ba? Na gaya maka ko ban gaya maka ba? Su tsuntsaye ne, ba motoci ba!"

"Ba ki ga yadda suke dukan raga ba! Ke ba ki san abin da ake ji ba, lokacin fita ya yi, jikinka duk ya tashi, a ce maka zauna."

"Na sani! Ni da na kwashe rayuwata a bayan ƙofar nan ina jiran takunka?" Muryarta ta fashe. "Kana tsammani don son tantabara na ba da wurin shanyata? Na tsane su! Don kai na yi. Don kada wata rana a kawo mini kai a cikin kwali kamar yadda aka kawo su!"

Ya juya hular a hannunsa.

"Ashe ni aka kulle," ya ce a hankali.

"E, kai aka kulle. Kuma da zan iya fige ka da na fige."

Ta ɗauka zai yi fushi. Bai yi ba. Cewa kawai ya yi, "Ni na buɗe musu. In suka mutu ni na kashe su. Ki bar ni in je."

Gwaggo ta dube shi, ta ja tsaki mai tsawo, ta fizgo mayafi daga ƙusa. "Mu je. Amma hannunka a nawa, ko ka so ko ka ƙi."

Motar burodi ta riga ta wuce. Suka jira a bakin titi har bas ɗin farko ta iso, Kwandasta ne a sitiyari. Da ya gan su tare, Gwaggo da zare a jikin zane da takalmi wari-wari, bai tambaya ba, ya dai ce, "Maigida, sun tashi ko?" Ya buɗe ƙofa. Direba ya zauna a kujerar fasinja, wurin da bai taɓa zama ba a motar farko. Duk inda aka zo kwana kafaɗarsa sai ta karkata, duk inda aka zo danja ƙafarsa ta dama sai ta danna ƙasa. Gwaggo tana gani, ta kau da kai ta taga. Motar sai da ta gama zagayenta, tana tsayawa tana ɗauka, kafin ta juya gareji, rana har ta fito.

Duk shekarun nan Gwaggo ba ta taɓa taka garejin ba. Ta zaci wani abin kallo ne. Ashe fili ne na siminti mai warin man dizal, da dogon rufin kwano, da fararen motoci a jere. Wannan ne ya cinye mata miji.

Direba ya saki hannunta ya shiga tsakiyar fili, ya ɗaga kai wajen rufi, ya yi fiton da ya saba yana watsa tsabar aljihunsa. Sama yake kallo, don haka bai ga abin da ke ƙasa ba. Ita ta gani. A gindin bango, inda aka zuba tsabar mai launin ja, tsuntsaye ne kwance. Wasu sun miƙe ƙafa, wasu na juyawa a wuri ɗaya da fiffike a baje. Ɗaya na dab da takalminsa.

"Tsaya!" ta ce. "Kada ka ɗaga ƙafa."

Ya ƙame. "Me kike gani, Tela?"

Ta so ta yi masa ƙarya, har ta shirya ta. Amma mutumin nan ido ya roƙa, in ta ba shi na ƙarya me ya rage masa?

"Wasu sun ci. Da dama. Ga ɗaya nan a gaban ƙafarka ta hagu. Sauran suna kan rufi."

Ya durƙusa a hankali, gwiwar da ta ji ciwo ta yi ƙara, ya laluba har ya taɓa tantabarar. Ya ɗauke ta da hannu biyu ya kai ta dab da fuskarsa. Gwaggo ba ta taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da aka karɓi makulli, sai ranar nan.

Tausayi ya zo mata, a bayansa kuma fushi, shi ne ma ya fi amfani. Ta warci tsintsiya daga hannun wani mai wankin mota, ta auka wa tsabar nan tana shara tana korar masu saukowa da mayafi. "Ku tashi, marasa hankali! An ba ku gida kun ƙi, sai mutuwa!" Masu wanki suka jawo tiyo, direbobi suka fito, kan ka ce kwabo an wanke gindin bangon tas. Manaja ya fito da gudu daga ofis, ya ga tsoho durƙushe da gawar tsuntsu. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, wallahi ban san sun dawo ba." Ya yi alkawari ba za a sake zubawa ba sai an kama na kan rufin an mayar.

Suka tattara matattun a kwali. Direba yana shafa kowace kafin a saka.

"Insifeto fa?"

Ta duba cikin kwalin, ta duba gindin bango, ta kare ido da hannu ta bi rufin daga farko har ƙarshe.

"Ban gan shi ba."

"Shi ne kullum na farkon sauka," ya ce. "Ya ci, ya je wani lungu ya faɗi."

Suka kama hanyar gida. Da suka zo ƙetara titi ba ita ta kama hannunsa ba, shi ya miƙo. Amma Gwaggo ba ta ji daɗin hakan ba, hankalinta na kan kwandon. Ta san macen ba ta tashi da sauran ba, tana kan ƙwai. Ta kuma san tantabara ɗaya ba ta iya kwanci ita kaɗai. In namijin bai dawo ba, yunwa da ƙishi za su tashe ta, ƙwan ya huce, shi ke nan. Ba 'yan shila, ba abin da zai riƙe sauran in an dawo da su, ba abin da zai riƙe Direba.

Hantsi ya yi sosai lokacin da suka hau sama. Sai a lokacin ta tuna ko ƙofar kejin ba ta rufe ba. Ta hango macen a ƙasa, a bakin kaskon ruwa, tana sha tana miƙe ƙafa ɗaya da fiffike. To, ta tashi ke nan. Gwaggo ta sunkuya ta shiga, ta leƙa kwandon don ta ga ƙwan da aka bari.

Wani baƙin kai ya ɗago, da farin wuya, ya kumbura ya kai wa yatsanta sara.

"La ila! Direba, zo! Zo ka ga ɗan banzan nan!"

Ta kamo kan Direba da hannu biyu ta saita masa shi wajen kwandon, kamar mai saita fitila. Ya daɗe yana kallo.

"Insifeto," ya ce. "Me yake yi a kan ƙwai? Ba macen ce ke kwanci ba?"

"Kai da ka shekara da shekaru kana ba su tsaba ba ka sani ba? Ai karɓa-karɓa suke yi. Ita ta kwana a kai har safe. In hantsi ya yi, duk inda yake sai ya zo ya karɓe ta, ta sha ruwa, ta ci, ta huta."

"Ni da asuba kawai nake ganinsu." Ya sake leƙa kwandon. "To har garejin ya je?"

"Da su ya tashi, a kan idona."

"Ya je gareji, ya ga rufinsa, ya juyo."

"Lokacin aikinsa ne ya yi."

"Kullum haka yake yi? Yana karɓarta?"

"Kullum."

Direba ya miƙe. Ya fito, ya ja ƙofar kejin da kansa ya sa sakata. Yinin ranar bai bi ta kicin ba, bai yi wa keke sharhi ba. Yana zaune a kujera yana juya kai yana kallon ɗakin kaɗan-kaɗan, daga dutsen guga zuwa flas ɗin shayi zuwa ƙusar da ake rataye rigarsa, kamar baƙo.

Washegari Gwaggo ta farka a lokacin da jikinta ya saba. Ta kai hannu gefenta, ba kowa. Ta tashi zumbur, motar burodi da babban titi da tifa duk suka zo mata a tare. Ta fito ko ɗankwali babu.

Kakin na rataye a ƙusa, hular a kansa. Haske na fitowa daga kicin. Direba ne tsaye a gaban murhu da singileti da zanen wanka, ya kai fuskarsa dab da tukunya, sukari a zube a ƙasa yana takawa bai sani ba.

"Me kake yi a nan? Za ka ƙona mana gida!"

"Koma ki kwanta, Tela."

"In kwanta? Wa zai..."

"Na karɓe ki," ya ce, bai juyo ba. "Na yi latti, na sani. Ki je ki kwanta."

Ta buɗe baki don ta gaya masa tukunyar da ya ɗora ta miya ce, ba ta shayi ba. Sai ta fasa. Ta juya ta koma ɗaki, ta hau gado ta ja bargo, abin da ba ta taɓa yi a wannan lokaci ba tun tana amarya.

Barci kam bai zo ba. Tana kwance tana jin sa yana buɗe kowace gwangwani yana neman ganyen shayi, murfi ya faɗi, ya yi salati, ya ɗauka. Ganyen yana can a gwangwanin madara na bayan gishiri, ta sani sarai. Ta danna fuskarta a filo, hawaye na jiƙa shi, ta bar shi ya nema.